Petar a cikin turmi

Salamu alaikum, 'yan uwa da ke biye da ni a nan. Kun sha tambayata abin da ya sami hannuna na dama, ina ce muku turmi ne. Shekara fiye da sittin ina faɗin haka. Yau zan faɗi sauran. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi.

Zamanin Nasara ne, ina Dakoro, ina goyon ɗiyata ta fari wadda har yau ba na kiran sunanta. Maigidana yana aikin gadin layin dogo can ƙasar Dahome. A aikinsu akwai wani abu da suke kira petar, kamar ƙaramin gwangwanin man shafawa, da albarushi a ciki. In layi ya lalace, mai gadi ya ruga gaba ya ɗora shi kan ƙarfen. Ƙafar jirgi na taka shi sai ya fashe, direba ya ji ƙara ya tsaya.

Da ya zo ganin gida ya taho da shi a ɓoye, wai don korar kura daga garke. Abin Nasara ne, in aka gan shi wurinka sai gidan kaso. Ya cusa shi cikin damin hatsi a rumbu, tunda a gidanmu mace ba ta shiga rumbu. Ya koma aiki bai gaya wa kowa ba sai uwarsa.

Wata safiya ƙanensa ya fiddo mana dami. Na sauke yarinya a inuwa, na zuba zangarniya a turmi, na ɗaga taɓarya.

Ban ji ƙarar ba. Mutane har bakin kasuwa sun ji, ni ban ji ba. Na dai ga turmi ya tsage, hannuna ya buɗe, ɗiyata ta wage baki tana kuka ba sauti.

Kafin a ɗora ni kan jaki, surukata ta sa bakinta a kunnena na hagu, wanda ya rage da ɗan ji.

"Turmi ne ya fashe. Kin ji ko? In kika ce wani abu, ke kika ɗaure mini ɗa."

Na ce, "To, Inna."

A gidan likita na Dakoro na faɗi haka. Aka cire tsinkayen itace, aka wanke, aka naɗe. An yi mini maganin abin da na faɗa.

Kwana biyar hannu ya kumbura. Zazzaɓi, sai wari. Aka sayar da tunkiyata, aka sa ni a kamyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, zuwa asibitin Maraɗi. An bar yarinya gida wurin matar wan mijina.

Ɗakin mata, gadon ƙarfe, taga ɗaya can sama. Da safe allura. Da hantsi a kwance tsumma, ya manne da nama, sai an jiƙa shi. Nonona ya cika yana zuba, ban da hannun tatsa. Inna na zaune a tabarma gindin gadon, ba ta zuwa ko'ina. Ita ke ba ni fura a baki, ita ke yi mini wanka, ita ce kuma ke amsa duk tambayar da aka yi mini.

Ban iya fita ba, ban iya magana ba. Lissafina ɗaya: ba a ɗaura goyo da hannu guda.

Lokotoro, wato babban likitan, baƙar fata ne, mutumin Dahome, Hausarsa a karye. Ran Talata ya duba hannun ya daɗe.

"Itace ba ya yi haka. Alhamis in bai sauka ba, ni yanke daga nan." Ya nuna gwiwar hannu.

Inna ta ce, "Allah ya kiyaye, lokotoro. Turmin tsoho ne."

Ya ce, "Tsohuwa, ke aka ji wa ciwo?"

Na dubi Inna. Ta kafe ni da ido. Na dubi hannun. Na ce, "Petar ne."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya san shi, a gefen layin dogo ya girma. Ya ɗauko siririn ƙarfe ya zura cikin raunin, muka ji ya taɓa ɗan uwansa, ƙas. Gutsuren gwangwani huɗu ya ciro ranar, ina cizon zane.

Sannan ya ce, "Uku-uku ake ɗora shi a layi. Ina biyu?"

Inna ta dafe ƙirji. A gindin turmin gidan nan ake zaunar da jikarta kullum. Ko mayafi ba ta gyara ba ta fita neman mai zuwa Dakoro. Aka zazzage rumbu dami-dami, aka samu biyun, aka jefa su tsohuwar rijiya aka cike.

Na jira zuwan jandarma har na rame. Ba su zo ba. Daga baya mai wankin rauni ya gaya mini abin da lokotoro ya rubuta a takardarsa: haɗarin daka.

Wata biyu na yi. An cire yatsu biyu, kunnen dama bai dawo ba. Ran da na koma gida yarinya ta ƙi ni, ta ɓuya bayan wadda ta shayar da ita. Kwana uku ina lallashi. Ran na huɗu na ɗaura ta da yatsu takwas, zanen bai kwance ba.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Inna, tsoro ne ya sa ta, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. Allah ya jiƙan maigida, ya nemi gafarata yana kuka. Allah ya saka wa lokotoron nan, ban san ko sunansa ba.

Maza, abin wurin aiki ku bar shi wurin aiki. In kun ajiye abu mai haɗari a gida, ku gaya wa wadda ke daka da girki. Gwangwanin da ba ku sani ba, kar ku buga, kar ku sa a wuta, kar ku ba yaro.

Mata kuma, in an kai ku likita, ku faɗi abin da ya same ku tun ranar farko, ko wa ke zaune a gindin gado.