Gwiwata da 'Yan Dubiya

A shekarun da nake aikin kula da tsofaffi a New York, gwiwata ta dama ce ta riga ni gajiya. Tsohuwar da nake kula da ita ba ta iya tashi da kanta, kullum ni ke ɗaga ta daga gado zuwa keken marasa lafiya, daga keke zuwa banɗaki. Na san duk ranar da gwiwar nan ta ƙi, aikin ya ƙare.

Likita ya ce akwai allurar da za a gwada, kuma da jinina za a yi ta. Aka ɗebi jini a hannuna, aka sa a wata na'ura mai juyawa har ya rabu, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Shi aka zuƙe aka tsira mini a gwiwa. A ɗakin jira duk 'yan gayu ne da suka zo a yi musu a fuska don su koma 'yan mata, ni kuwa na ma manta ina da fuska. Likitan ya ja mini kunne: in kwanta na 'yan kwanaki, ban da hawa bene, ban da durƙuso.

Maƙwabciyata 'yar Kumasi kaɗai na gaya wa. Kafin la'asar duk unguwarmu ta Highbridge an ji cewa an yi mini aiki.

A hawa na biyar nake, babu lif, abin buɗe ƙofar ƙasa kuma ya daɗe da lalacewa. Duk wanda ya zo sai ya bugo waya: "Muna downstairs, zo ki buɗe mana." In sauka ina dafa bango, in hawo da su. Idan manya ne in durƙusa, don ban iya gai da babba a tsaye ba. In kawo ruwa, in ɗumama abinci. In za su tafi su ce, "Yi zamanki, kar ki taso," amma su tsaya a bakin ƙofa suna jiran rakiya. Wata dattijuwa ma da ta ga kumburin sai ta sa aka tafasa ruwa, ta gasa mini shi da tawul har na yi hawaye. Haushi ya cika ni, amma wa zan kora? Ƙauna ce ta kawo su, wasu daga wurin aiki suke, ko gida ba su leƙa ba.

Ranar da na koma aiki, na rungumi tsohuwar zan ɗaga ta, gwiwar ta saki. Muka sulale ƙasa tare, ba wadda ta ji ciwo. Ta shafa kaina, ta ce in yi haƙuri, 'yarta za ta nemo wata.

Ina cikin bas zan koma gida waya ta yi ƙara. Wasu ne da ba su samu zuwa ba, suna ƙofar gida, sun zo duba ni. Na ce su jira, ga ni nan zuwa in buɗe musu.