Teburin da na ce aikin Ingila ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini waya daga Tabotaki: Baba Ila kafinta ya rasu. Ya kusa shekara ɗari.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Kunya nake ji.

Duk wanda ya taɓa shiga falona a Madawa ya san teburin nan mai jan katako. Na kakana ne, tafintan kumandan, Baturen mulki na lokacin. A gidanmu mun tashi ana cewa daga Ingila aka kawo shi ta Sakkwato, aikin wani babban kafinta na can. Ni na ƙara gishiri, har sunan Bature na laƙa masa.

Baba Ila abokin mahaifina ne. Shi ya yi mini allona na farko. Ƙofarmu in ta karye, shi ke gyarawa, kuma ko shayi sai an matsa masa yake sha.

Ranar sunan ɗiyata ya shigo, ya tarar ina yi wa baƙi wannan tatsuniya. Ya shafa gefen teburin ya ce, "Ɗana, wanga madobiya ce. Ni niy yi shi, lokacin babban yaƙin duniya, da komi ya bar zowa daga Turai. Hoto kumandan ya gwada muna, munka kwaikwaya."

Na yi dariya. Na ce, "Baba, tsufa dai! Ina hannun mutumin ƙasar Adar ina wannan aiki?"

Baƙi suka taya ni. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Bayan shekara biyu aljihun teburin ya maƙale, na fizgo shi gaba ɗaya. A ƙarƙashi sai ga tambarin wuta, irin wanda ake yi wa raƙuma. Na gane shi nan take: tambarin gidan su Baba Ila ne, duk abin da ya sassaƙa sai ya ƙona masa shi inda ido ba ya kaiwa.

Na mayar da aljihun. Ban gaya wa kowa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Buza ce. Na durƙusa na gaishe shi, maganar tana bakina. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kana shafa ma teburin nan mai kuwa? Bature ko ba Bature ba, icce na jin ƙishirwa."

Na ce ina shafawa. Na ce a raina zan je har gida in roƙe shi gafara bayan Sallah. Sallah uku ta wuce.

A gaban mutane na ƙaryata shi, don haka a gaban mutane nake faɗa: Ila na Tabotaki ne ya yi teburin nan. Ni ne maƙaryacin.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya sa Aljanna ce makoma. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In da saura, ku roƙa mini Allah Ya sa ya yafe mini kafin ya tafi, don ni ban tambaye shi ba.