Dirkokin Zauren Baba Illo

Baba Illo na unguwarmu, nan Madarumfa, manomin gyaɗa ne, amma ba mai tuna shi da gyaɗa. Da zaure ake tuna shi.

Ubansa ne ya gina zauren, ginin ƙasa, rufin azara. Shekarar da aka samu mulkin kai tsohon ya kwanta ciwon ajali, ya kira Illo. Wasu iyaye a kan gona suke barin wasiyya, shi kuwa cewa ya yi kada a bar zauren nan ya faɗi. Illo ya ce to. Wannan "to" ɗin ita ya yi ta yi wa bauta har furfura.

Damina ta farko azara guda ta lanƙwashe. Sa'idu magini ya duba, ya ce a yaye rufin, a tayar da ginshiƙi ɗaya a tsakiya, a sake rufewa, magana ta ƙare. Illo ya ce rufin da ya taɓa ƙasa ai ya faɗi, ko da hannu aka sauke shi. Ya ɗauki gatari ya shiga daji, ya dawo da dirkar kirya, ya tokare azarar.

Daga nan kowace damina sai ya ƙara dirka, wata shekarar biyu. Gardin daji, mai hana saran itace, ya kama shi har ya gaji da kamu. Ƙarshe in ya gan shi da gatari sai dai ya tambaye shi lafiyar zaure.

A nan mazan unguwa ke cin tuwon magariba tun zamanin tsohon. Alhaji Lawali mai kamyo, wato babbar mota, da yake Allah ya hore masa tumbi, shi ya fara zama waje da dirkoki suka cinye wuri. Sauran suka bi shi ɗaya-ɗaya. Atika matar Illo kuwa dole ta ratsa zauren da tulu a ka. Ranar da ta fasa tulu na uku ta tsaya cikin ruwan.

"Malam, wai ni mutum na aura ko kurmi?"

"Ki riƙa bi ta hagu," in ji shi. "Hagu ta fi fili."

Shekarun fari kowa na duban sama yana roƙon ruwa. Shi ma ya yi roƙon, Allah shaida, sai dai idonsa ɗaya na kan azara.

Da ruwa ya dawo, ya dawo da bashin da ake bin sa. Wata Laraba aka wuni ana zubawa har tabki ya shigo gonaki. Bangon zauren ya sha, ya jiƙe, ya sulale gaba ɗaya, gabas da yamma. Rufin kuwa yana nan sama bisa dirkokinsa, ko gezau.

Unguwa ta taru. Illo na tsaye cikin taɓo, hularsa a hannu. Can ya juya wajen Sa'idu.

"Malam Sa'idu, tsakaninka da Allah, ya faɗi?"

Sa'idu ya kewaya ya dawo. "Abin da tsoho ya gina ga shi kwance. Abin da ya ɗora kuma ga shi can inda ya bar shi."

"To bai faɗi ba ke nan."

Ba wanda ya yi musu. Alhaji Lawali ma ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin zaure mai iska irin wannan ba.

Washegari Illo ya kafa itace biyu daidai inda ƙofa take a da. Atika ta dawo daga rijiya, ta ga ko'ina hanya, ta nufi gefe da tulunta. Ya ce ta koma ta shigo ta ƙofa, gidan nan ba kango ba ne.