Shaiɗan Bai Iya Babur Ba

Jiya na bi ta kasuwar Jabo, sai na tuna da Baba, dattijon ikkilisiyarmu. A nan na taɓa kifar da ƙwaryar wata Bafillatana da babur, nonon da zai ƙosar da Tambuwal kaf. Na ƙara wuta, Baba yana zaune a bayana.

Na ce, "Baba, aikin Shaiɗan ne."

Ya ce, "Yaushe Shaiɗan ya koyi babur? Adamu ma Hauwa'u ya nuna, bai tsira ba. Juya!"

Na durƙusa cikin tsamin nono, kasuwa tana kallo, na ce, "Inna, ni ne."

Yau abokai suna dariya, wai na cika amsa laifi. Su yi ta yi, ba zan daina ba! Ubangiji ya ba Baba hutawa, ya bar mini "Juya!" ɗinsa a kunne.