Dogo Ya Kori Kansa Daga Aiki

A layinsu kowa da abin da ya zaunar da shi. Mai gadi barci ne ya ja masa, direba idonsa ne ya mutu, su Dogo kuwa rufe masaƙa aka yi, suka wayi gari da kwaɗo a ƙofa. Ya yi zaman kashe wando har matarsa ta daina tambaya.

Ana nan aka ɗauke shi jinyar wani tsohon tela da ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗagawa, wanka, canjin zanin gado, a ɗaki mai warin man zafi, ga keken ɗinki a lungu an lulluɓe. Albashin ba yawa, amma tukunya ta koma kan wuta, 'yarsa ta koma makaranta.

Likita ya ce in ana motsa ƙafar, tsoho zai taka. Dogo ya riƙe maganar kamar wasiyya. Kullum da safe sai ya rungumo shi ya tsayar.

"Baba, ɗaga ƙafa."

"Kai Dogo, ka mai da ni buhu?"

"Buhu ba ya zagi, Baba. Ɗaga."

Ƙanin matar Dogo, sarkin wayon banza, ya ja shi gefe. "Yaya, sassauta mana. Ran da tsohon nan ya miƙe, kai ka zauna."

Maganar ta shige shi, ba a ƙi ta mutum ba. Washegari ya ce, "Yau a huta, Baba." Can Dogo ya hango zani yana motsi, ashe tsoho ne shi kaɗai yake ta fama da yatsun ƙafarsa. Kunya ta rufe Dogo.

"Tashi, Baba. Na fasa."

Bayan watanni, ranar da iyalan tsoho suka sallami Dogo da godiya, tela ya miƙa masa riga. Da ƙafar nan ya taka keke ya ɗinka ta.

"Yaushe ka auna ni?"

"Kafaɗar da nake rataya kullum?"

Dogo, wanda bai taɓa samun riga daidai shi ba, ya isa gida sanye da ita, hannunta har wuyan hannu.

"An sallame ni," ya ce wa matarsa. "Alhamdulillahi. Da ƙafarsa ya rako ni har bakin titi."