Langar Hajiya ta Juma'a

Tun da aka kawo ni gidan Alhaji ba a taɓa yin Juma'ar da langar Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta zo daga Gawuna ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu yana yawo a sama, sai fura da nono a kwanon sha. Alhaji yana dawowa daga masallaci zai tuɓe babbar riga, ya bar kujera ya zauna a ƙasa, kamar ba shi ake miƙe wa a ofis ba.

Sai ciwon ƙoda ya kama Alhaji. Shekara biyu muna zaryar wankin ƙoda, kafin Allah ya sa ta ƙaninsa ta dace, aka yi dashe. Ranar sallama likita ta zaunar da ni, ta ce ni ce mai tukunya. Magungunan da zai riƙa sha suna rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta, don haka abinci sai wanda aka sauke yanzu da zafinsa. Ba ɗumame, ba tsiren bakin titi, ba nonon da ba a dafa ba. Gishiri kaɗan, dunƙule da kanwa a haƙura da su, don hawan jini yana iya lalata sabuwar ƙodar. Ruwa kuwa, da muke auna masa da ƙaramin kofi, yanzu ya sha ya ƙoshi. Ranar da na ga ya kafa kai ya shanye babban kofi, sai da na fita na share hawaye.

Juma'ar farko bayan sallama langa ta iso. Na ɗanɗana, hannun Hajiya ne dai, gishiri da kanwa sun ji, kuma tun hantsi aka sauke. Alhaji ya dubi langar ya kau da kai. Na ce ya gaya mata, ya ce da wane bakin zai ce wa mahaifiyarsa abincinta zai cuce shi? Ni kuwa suruka ce, ko ido ba na haɗawa da ita.

Sai na miƙa wa maigadinmu, wani dattijo mutumin Jigawa. Na wanke langa na zuba dabino, don ba a mayar da kwano haka nan, na aika mata. Wata biyu muna haka. In ta kira ta tambaya ko ya ci, sai in ce ya ci, in ajiye waya in yi ta istigfari. Abin ya tsaya min a rai, ina salla yana faɗo min.

Wata Asabar Hajiya ta zo dubiya. Maigadi yana buɗe ƙofa ya durƙusa ya shiga zuba godiya, wai rabonsa da irin wannan miyar kukar tun rasuwar matarsa, Allah ya saka da alheri, Allah ya kai ladan kabarin iyaye. Ina jin su ta tagar kicin, ludayi a hannuna.

Ta shigo ta yi wa ɗanta sannu, ba ta nuna komai ba. Sai da ya tashi alwalar la'asar ta ce in zo. Na durƙusa na faɗa mata duka, har ƙaryar. Ta daɗe tana jan carbi.

"'Yar nan," ta ce, "ni na haifi mai ƙodar nan, ni na haifi wanda aka saka wa. Kina ganin da hannuna zan zuba mata abin da zai kashe ta?"

Na ce kunya ce ta hana mu. Ta ce kunya abu ne mai kyau, amma ita wata biyu tana kwana da murnar ɗanta ya samu bakin ci, ashe maigadi take sa wa ƙiba.

Da Juma'a ta zagayo sai ga ta da kanta da sassafe, da garin kukar da ta daka ta tankaɗe. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno a kicin ɗina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ita ke kaɗa miya, ni ke riƙe da cokalin gishiri. Ta ƙara citta da tafarnuwa da albasa, ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ce da baƙo za a ba wa wannan, da ba zai sake zuwa gidan ba. Ta miƙo hannu wajen cokalin, ta janye da kanta.

Alhaji ya dawo masallaci ya zauna a ƙasa, tuwo yana tururi. Ɗan fari ne, ba za ta tsaya kallonsa ba, sai ta juya wai tana duba itacen mangwaro ta taga. Amma da ya gama malmala ya jawo ta biyu, na ga leɓenta yana motsi da hamdala.

Da za ta tafi ta sa direba ya ɗauko langa daga mota. Ta ce a miƙa wa maigadi, tasa miyar da gishirinta, ya riga ya saba.