Sandar Alhamis ta Gidan Mulgrew

Duk wanda ya girma a Kilbrannagh ya san Phelim Mulgrew, in bai san fuskarsa ba to ya san hannunsa. Mai fasa dutse ne, ido ɗaya, wuya kamar na bijimi, kuma ba ya faɗin magana sau biyu. Ta farko da baki yake faɗa, ta biyu da naushi. A gabana ya taɓa cusa kan wani direba cikin kwamin shayar da shanu, don kawai bai cire hula ba ana wucewa da gawa. Ba yabonsa nake yi ba. Mutum ne mai wuyar sha'ani, matarsa ma haƙuri ta yi ta yi har Allah ya ɗauke ta.

Rana ɗaya ce a shekara ake ganinsa kamar mutumin kirki: Alhamis ɗin Idin Jikin Almasihu. Idi ne na wajibi, a rufe kantuna da makaranta, kowa ya je Misa, babbar addu'ar cocinmu na Katolika, sannan a zaga gari da Gurasa Mai Tsarki ƙarƙashin rumfar alharini mai sanduna huɗu. Kowace sanda da gidan da ke gadonta. Ta gaba ta hannun dama ta gidan Mulgrew ce tun kakanni, kuma dokarsu ɗaya ce: daga ƙofar coci har a dawo, sandar ba ta faɗuwa.

Phelim na da shekara goma sha tara lokacin da samarin ɗarikar Furotesta na ƙetaren kogi, masu gaba da mu 'yan Katolika, suka tare jerin masu zagayen a kan gada. Aka yi ruwan duwatsu da kwalabe, mata na ihu, masu riƙe da sandunan baya suka saki suka ranta a na kare. Babansa bai saki ba. Dutse ya fasa masa goshi, wani ya ƙara masa da ƙarfe a ƙeya, ya durƙusa, amma sandar na tsaye. Phelim ya kutsa, fasasshiyar kwalba ta tafi da idonsa na hagu, ya karɓi sandar yana jina-jina. Uban bai kai Asabar ba. Shekara arba'in ke nan Phelim na ɗaukar sandar, har sanyin ƙashi ya lanƙwashe masa yatsu. A shekara ta arba'in ɗin ta kusa suɓuce masa a kan gadar nan, ya cafke ta da ƙyar, yana zaton ba wanda ya gani.

Sai ga takardar bishop-bishop. Sabon Fada, limamin cocinmu, ya karanta ta a coci: daga bana idin ya koma Lahadi, tunda mutane na aiki ranar Alhamis, coci ba ya cika. Phelim ya miƙe a tsakiyar jama'a.

"Fada, ranar Lahadi aka kashe ubana?"

Ya fita ya buga ƙofa har gilashinta ya tsage.

A kan tudu akwai wani ɗan ƙaramin coci inda tsohon Fada Devenney, wanda ya bar aiki, ke yin Misa irin ta da, da Latin. Gari ya ɗauki gardama: wasu su ce dokar ta hau kan kowa, wasu su ce ai Alhamis ce a littafin tsohon. Shi tsohon cewa ya yi zai yi Misar idin ranar Alhamis kamar yadda take a littafinsa, amma wajibin ya koma Lahadi, kada kowa ya ɗora wa kansa. Rabin farko kawai Phelim ya ji. Ya rantse rumfar nan za ta fita ranar Alhamis ko da sama za ta faɗo.

Makullan coci kuwa suna hannun ƙanensa Eunan, mai kula da kayan ibada, siririn mutum da ko ƙuda ba ya iya kashewa. Da safiyar Alhamis Phelim ya tarar da ɗakin ajiya a buɗe, Eunan na zaune da sandar a kan cinyarsa.

"Miƙo nan."

"Yaya, ko ina kwana babu? Zauna tukun, ga shayi."

"Shayin ubanka. Miƙo."

"Ai uban namu ɗaya ne," in ji Eunan yana ɗan murmushi. "Kwana uku fa kawai, Yaya. Allahn Alhamis shi ne na Lahadi."

"Kai da kana ƙarƙashin gado ranar da aka fasa masa kai, kai za ka koya mini kwanaki? Ɗan wanke kofin fada!"

"Na ji, ni ne matsoracin. Amma ba za ta fita yau ba. Ban ma gama..."

Bai ƙarasa ba. Phelim ya fizgi sandar, Eunan ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Nan idon Phelim ya rufe. Ya tunkuye shi da goshi, hanci ya fashe. Ya ƙara masa naushi a baki, haƙora biyu suka zuba a kan siminti. Duk da haka Eunan bai saki ba, jinin gidan ne a jikinsa shi ma. Phelim ya taka masa ƙirji ya murɗe sandar, ya ɗaga ta sama ya sauke masa a kafaɗa. Wata mai kanti a tsallaken titi ta ce ta ji ƙarar ƙashin. Ya naɗe alharinin, ya haɗa sandunan huɗu a kafaɗa, ya tsallake ƙanensa ya hau tudu.

Tsofaffin mata bakwai ya tarar, da maza biyu masu dogara sanda. Ko masu ɗaukar rumfar ba su cika ba. Fada Devenney ya fito ya dubi alharinin.

"Phelim, jinin wane ne wannan?"

"Na Mulgrew ne, Fada. Rumfar ta saba."

"Ɗauke mini ita daga nan. Ni zan sa Jikin Ubangiji ƙarƙashin wannan? Me ka yi, ɗana?"

Phelim ya zaro sandarsa, ya tsayar da ita, ya damƙe ta yadda ya saba, da niyyar ko shi kaɗai ne sai ya zaga. Sai ya ji laushi a tafinsa. Ya duba da idon nasa guda. Sabuwar fata ce aka naɗe daidai inda lanƙwasassun yatsunsa ke kamawa, an ɗinke rabi, allura na reto a bakin zare. Ashe Eunan ya ga yadda ta kusa suɓuce masa a kan gada. Abin da ya fito da shi da sassafe ke nan, don kada sandar ta kunyata yayansa ranar Lahadi.

Hannun ya buɗe da kansa. Sandar ta faɗi a kan duwatsu, ta gangara. Matan nan sun ce ba su taɓa jin namiji ya yi irin kukan da ya yi ba.

Eunan ya gaya wa 'yan sanda daga tsani ya faɗo. Hannunsa na dama bai sake ɗaguwa ba, kuma bai sake yi wa yayansa magana ba har Phelim ya mutu bayan shekara goma sha ɗaya. Ni na ji haushin Phelim, har yau ina ji, amma ranar Lahadin nan tausayinsa ya kama ni. Rumfar ta fita an wanke ta, wani yaro ɗan gidan Quigley ne riƙe da sandar gaba ta dama. Phelim na durƙushe a bakin gada, hula a hannu, aka wuce ta gabansa. Allurar na nan tana reto, don ba wanda ya iya ƙarasa ɗinkin.